Mai Rubuta Alluna

Shekara goma sha tara ke nan ina wannan rumfa,
bayan tasha, a Tawa, jikin masu walda,
ina rubuta wa ƙungiyoyi alluna.
Fari a ƙasa, shuɗi a sama,
tambarin mai ba da kuɗi a kusurwar dama,
kada kuma na wani ya fi nasa girma:
an taɓa maido mini allo saboda faɗin yatsa guda.

Na rubuta rijiya, na rubuta bankin hatsi,
awaki uku ga kowace mace,
rabin wata dubu a kan fako.
Kalmomin da kakana bai taɓa ji ba
na koye su da bakin buroshi.
A gindin kowane allo, lamba biyu:
shekarar farawa, shekarar ƙarewa,
kamar kwalin magani.

Ba zagi nake ba. Na ga aiki da idona.
Na san Nomau, mai babur ɗin da ba ya tashi sai da turi,
yana zaga ƙauyuka da zaren awo a aljihu,
ya ɗaura wa yaro a damtse:
ja, rawaya, kore.
Ran da ɗan wani makiyayi ya fita daga ja
nan ya zo ya sayi shayi, ya biya wa kowa.
Wata biyar ba albashi.
Biro na jiran Yamai,
Yamai na jiran wata ƙasa mai sanyi,
can kuma an yi zaɓe, an canza shawara.
Da dare yana cika takardu da hasken waya,
ana neman shaidar kowace dala,
mai kunun da ta ciyar da taro ba ta da tambari,
sai ta dangwala yatsa.

Bana saƙo ya zo, layi uku.
Aka sa kwaɗo a ƙofa,
aka yi gwanjon kujeru,
Nomau ya bi motar Abijan da jaka ɗaya.
Allunan suna dawo mini a amalanke, kilo kilo.
In na kankare suna, sai in iske wani,
in kankare wannan, ga wani a ƙasa,
kamar albasar Galmi,
har da yajin ido.

Ran Lahadi, kasuwa ta cika,
sai ga Bibata daga Dogon Gawo
da ƙulli a bakin zane.
Famfon furoje ya tsaya tun bara.
Su talatin da ɗaya, dala ashirin duk Juma'a,
a littafin da Nomau ya koya musu ja wa layi,
sun sayi ƙarfen, sun kira mai gyara,
ruwa ya zo.
Yanzu allo suke so, su ma.

Na ce, tambarin wa za a sa a dama?
Ta ce, zana tulu.
Na ce, shekarar farawa?
Ta ce, bana.
Ta ƙarewa fa?
Ta dube ni kamar na tambayi kuɗin rana.
Ta ce, Abarshi, ƙishirwa ta faɗa maka ranar da za ta bari?

Na san asusunsu ba zai sayi maganin likita ba,
ba zai maido Nomau ba,
in babban injin ya mutu, sai dai Allah.
Ita ma ta sani.

Na ɗauko allon da ya fi kauri,
na shafe sunaye huɗu,
na zana tulu, ya ɗan karkace.
Gurbin lamba ta biyu na bar shi fari,
hannuna na ƙaiƙayi.
Ta ɗora a ka, ta nufi tasha.
Ina bin ta jika ɗaya,
wai sai an cire albasa.